Matan Zamanin Da a Bakin Mawaƙa da a Hannun Masu Zane

A cikin shekara ta 1424 wani magatakardan Sarkin Faransa, ana ce da shi Alain Chartier, ya tsara wata waƙa mai baiti ɗari, kowane baiti ɗango takwas, ya sa mata suna La Belle Dame sans Merci, watau kyakkyawar mace marar tausayi. Labarin da ke ciki ba shi da yawa. Mawaƙin ya janye daga wurin wani biki ya raɓe bayan shinge, sai ya ji wani saurayi ɗan fada yana roƙon wata mace ta so shi, ita kuwa tana ƙi. Shi ya yi baiti, ita ta mayar masa da baiti, haka har kusan ƙarshen waƙar. Abin da ya sa waƙar ta yi suna shi ne amsoshin matar nan. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma yaudare shi ba, sai hujja ta ke aza masa bisa hujja. Da ya ce idanunta ne suka jawo shi, ta nuna masa don kallo aka yi ido, wanda ya ɗauki kallo alkawari shi ya cuci kansa. Da ya ce zai mutu, ta nuna masa ciwon nan da samari ke kuka da shi bai cika kai kowa kushewa ba. Ita dai 'ya ce, ba ta kuwa da niyyar miƙa wa wani linzamin zuciyarta don ya iya daɗin baki. Can daga baya aka ba mawaƙin labari, wai saurayin ya mutu don baƙin ciki.

Da waƙar ta bazu sai fada ta ɗauki zafi. Samarin fada suka kai ƙara wurin manyan mata, suka ce irin wannan waƙa za ta koya wa 'yammata taurin kai. Aka rubuta wa Chartier takarda ya zo ya kare kansa, har sai da ya tsara wata waƙa ta neman gafara. Waɗansu mawaƙa kuma suka biyo baya, suka kafa wa matar shari'a a cikin nasu waƙoƙi, suka kama ta da laifin kisan kai. Duk wannan hayaniya a kan macen da ba a taɓa haifa ba, wadda iyakar laifinta ta san abin da ta ke so, ta kuma iya faɗinsa.

Bayan shekara kusan ɗari huɗu, a cikin 1819, wani saurayi mawaƙin Ingila, John Keats, ya ari sunan waƙar ya ɗora wa tasa, mai baiti goma sha biyu. Suna kaɗai ya ɗauka. Tasa macen aljana ce, ta gamu da wani barde a fadama, ta ja shi kogonta ta sa shi barci, ya farka ya gan shi shi kaɗai a gefen dutse cikin sanyi, ba shi da sauran amfani ga kansa. Magana guda da ta yi a cikin waƙar, da wani baƙon harshe ta yi ta, barden ne ya fassara wa kansa abin da ya ke so ya ji. To, wannan ta biyu ita masu zane suka kama. A cikin 1893 John William Waterhouse ya zana ta, zanen yana ajiye a birnin Darmstadt na ƙasar Jamus. Yarinya ce ƙarama zaune a ƙasa cikin kurmi, ba takalmi, da riga mai launin shuni da ja-ja. Barden ya durƙusa gabanta cikin sulke da kwalkwali, ita kuwa ta kama dogon gashinta ta naɗa masa a wuya tana jawo shi, kamar yadda a ke jan ɗan maraƙi da igiya. Wajen 1901 Frank Dicksee ya yi nasa, wanda ke Bristol: ita tana bisa dokin barden ta sunkuyo, jan gashinta ya zubo, shi yana ƙasa ya buɗe hannuwa kamar wanda aka ɗauke wa hankali.

Wanda duk ya dubi zanen Waterhouse ba shi musun gwanintarsa. Ya san yadda ƙarfe ke ƙyalli cikin inuwa, ya san yadda a ke sa taushin fata kusa da taurin sulke don kowanne ya ƙara fito da ɗan'uwansa, ya kuma matse su biyu cikin itatuwa har mai kallo ya ji barden ba shi da mafita. Dabarar gashin nan ma tasa ce, ba ta cikin waƙar, ta kuwa faɗi da kallo guda abin da mawaƙi zai ɓata baiti uku kafin ya faɗa. Amma fa a lura da abin da ya salwanta a hanya. Matar Chartier da kai da harshe ta yi faɗa, neman ta a ke yi tana gudu. Ta Waterhouse ita ke farauta, makaminta gashi, bakinta a rufe. Sunan bai sake ba, mai sunan ce aka musanya. Wani zai ce ba laifin mai zane ba ne, gama shi waƙar Keats ya bi, ba ta Bafaranshe ba, zane kuma ba ya magana balle ya kawo hujja. Gaskiya ne. Sai dai a yau mutum dubu sun ga zanen kafin a sami guda wanda ya karanta baiti ɗarin nan, saboda haka in an ambaci mace marar tausayi, mayya mai dogon gashi ke zuwa zukatan mutane. Abin da samarin fada suka nema a yi mata a cikin 1424 suka kasa, masu zane sun yi shi da launi, ba da mugun nufi ba.

Akwai wata waƙar Faransa da ta fi wannan shahara, ta François Villon, wadda ya sa cikin littafin wasiyyarsa na 1461. Sunayen matan da suka shuɗe ya jera, yana tambayar ina su ke, amshin kuma yana kwatanta wucewarsu da narkewar dusar ƙanƙara. Bai tsaya siffanta su ba sai da kalma ɗaya ko biyu. Har ma akwai abin dariya a ciki, domin masana sun ce ɗaya daga cikin sunayen na namiji ne, wani Bagirke, Alcibiades, wanda mutanen zamanin suka ji ana yabon kyaunsa suka zaci mace ce. Ta ƙarshe a jerin ita ce Jeanne d'Arc, wadda Ingilishi suka sa aka ƙone a Rouen a cikin 1431. Sura guda ɗaya tak ta rage wadda aka yi mata tana da rai. Wani akawun majalisar shari'a ta Paris ya zana ta a gefen littafin aikinsa ran 10 ga watan Mayu 1429, da ya ji labarin ta kori Ingilishi daga Orléans. Bai taɓa ganinta ba. Ya ba ta dogon gashi da rigar mata, alhali kuwa gashinta a yanke ya ke, tufafin maza ta ke sawa, wannan ma yana cikin laifuffukan da aka kashe ta a kansu. Tun daga alƙalami na fari ke nan aka soma gyara ta. Haka kuma matan nan masu faffaɗan riguna da mafitai waɗanda George Barbier ya zana a cikin 1928 don ƙawata waƙoƙin Verlaine na 1869: shi Verlaine daga zane-zanen irin na Watteau ya samo su, Watteau kuwa, wanda ya rasu a 1721, mafarkinsa ya zana. Zamanin da a ke wa begen nan ba a taɓa yinsa ba.

Mai karatu ya yiwu ya ce, ina ruwan mutumin Mafara ko na Bakura da matan Faransa? Ruwansa shi ne abin da ya sami waɗancan ya riga ya soma samun nasa. A ɗauki Amina ta Zazzau. Tsofaffin littattafan da suka ambace ta biyu ne sanannu. Tarihin Kano ya kawo ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana cin garuruwa, Sarkin Nupe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello kuma, a cikin Infaƙul Maisuri wanda ya rubuta a 1812, ya ce ta yaƙi Katsina da Kano, ta rasu a Atagara. Waɗansu masana tarihi suna mayar da ita ƙarni na 16, su ce 'yar Bakwa Turunku ce. Ba wanda ya faɗi tsawonta ko launinta ko abin da ta ke ɗaurawa. Duk da haka Gwamnatin Nijeriya ta buga surarta a kan sarki a cikin 1975, shekarar mata ta duniya, aka kafa gunkinta bisa doki da makami a Gidan Wasanni na Ƙasa a Ikko, kuma a cikin 2021 aka fitar da fim ɗinta wanda Izu Ojukwu ya shirya, mutanen Arewa da yawa suka yi ta gunaguni a kan harshe da tufafin da ke ciki. Yaron makaranta a yau in an ce Amina, ba ganuwa ya ke gani ba, ba kuma fataken goro ba, siririyar budurwa ya ke gani da takobi a sama. Ganuwar kuwa ita ce aikin da Hausawa suka riƙe sunanta da shi, har a ke ce da tsofaffin ganuwowi ganuwar Amina.

Wanda ya fi wannan kama da na Turai ya faru a hayin iyaka, a Lugu ta ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi. A cikin watan Afrilu 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta zo tana ƙone garuruwa, ta yi karo da mutanen Sarauniya Mangu. Abin da hafsoshin Faransa suka rubuta a kanta 'yan layuka ne, suna kiranta tsohuwar matsafiya. A Lugu kuwa Sarauniya uwar tsafin gari ce, mai zama a ɗaki, ba mai hawan doki ba. Sai a cikin 1980 Abdoulaye Mamani, mawaƙi ne kuma ɗan siyasa na Nijar, ya rubuta littafi da Faransanci ya mai da ita budurwa jaruma wadda aka koya wa baka da kibiya tun tana ƙarama. Med Hondo ya mai da littafin fim a cikin 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Daga nan surar ta kafu. Ba a raina aikin Mamani ba, gama shi ya tono sunan da 'yan mulkin mallaka suka binne, ya kuma yi shi da zafin zuciya irin na wanda ya sha gudun hijira da kurkuku. Amma sai da ya cire mata tsufa da zaman ɗaki tukuna ya ga ta isa a yaba, kamar dai dattijuwar da ta tsai da garinta gaban bindiga da kwarjini kaɗai ba ta isa abin labari ba.

Zamfara ma tana da tata, watau 'Yargoje, wadda masu riƙe da tarihin ƙasar su ke cewa ta yi sarauta daga 1310 zuwa 1350, ta zauna a Kuyambana. Abin da ya rage wanda a ke dangantawa da ita fitila ce ta ƙarfe, tana gidan ajiye kayan tarihi na Gusau. Dajin Kuyambana kuwa, tun cikin shekarun 2010 da 'yan bindiga suka mai da shi mafaka, ya fi ƙarfin mai yawon neman kufai. Saboda haka duk wanda ya tashi zana 'Yargoje, fitila ce a hannunsa da suna, sauran sai abin da zuciyarsa ta ba shi. Zuciyar kuwa ba fanko ta ke ba, cike ta ke da fina-finan Indiya da hotunan intanet.

A nan ya kamata a tambaya, shin waƙar Hausa ba ta da abin da za ta ba mai zane, kamar yadda ta Faransa ta ba nasu? Ƙasar da ke tsakanin Bakura da Maradun da Talata Mafara ba ta rasa mawaƙa ba. A ƙasar Bakura aka haifi Musa Ɗankwairo, ya tashi a ta Maradun, ya yi ta kiɗan kotso har ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, wanda ya rasu a 1987, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, babban ubangidansa kuwa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya zauna Talata Mafara a cikin shekarun 1950, ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Su biyun nan gwanayen siffantawa ne, masu zane ne da baki. Amma wanda ya saurare su da kyau zai ga wani abu. In suna yabo, ba su cika taɓa fuskar ubangida ba, sai su mai da shi giwa ko zaki ko dutse ko gulbi, su jera iyaye da kakanni. Sai in an zo zambo sa'an nan jiki ke fitowa, a ji gemu da tumbi da tafiya da guntun rawani, har mai sauraro ya ga mutumin tsaye a gabansa. Watau a fadar Hausa wanda a ke so a ƙasƙantar shi a ke zana wa jiki. Matan gidan sarauta kuwa, in sun shigo waƙa, da suna su ke shigowa, a ce ɗan wance ko uban wance, a wuce.

Rubutacciyar waƙa ma haka ta ke galibi. Inda aka fi tsayawa a kan kwalli da jan baki da rangwaɗa shi ne waƙoƙin gargaɗi a kan karuwai, irin ta Mu'azu Haɗeja da ta Aƙilu Aliyu mai suna 'Yar Gagara. Macen kirki kunya ta rufe ta, mawaƙi ba ya ɗaga mayafin. Wannan ya jefa mai zane cikin wahala wadda Waterhouse bai sani ba, domin in ya nemi surar mace a waƙar Hausa, wadda zai samu a shirye ita ce wadda aka yi don a zaga.

Amma akwai waƙa guda da ta jera matan da suka shuɗe kamar yadda Villon ya yi, asalinta kuwa yana da alaƙa da ƙasar nan. Wajen 1786 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo Zamfara wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar, ya zauna a Faru. Cikin wannan yawo ne wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya tare shi da waƙa yana zarginsa da barin mata su halarci wa'azi tare da maza. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya amsa da waƙa, Abdullahi ya kuma ajiye labarin a cikin Tazyinul Waraƙati. Gindin amsar shi ne barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni. 'Yar da aka haifa wa Shehu bayan wannan, a 1793, ita ce Nana Asma'u. A ƙarshen zamanin Sarkin Musulmi Bello, cikin 1836 da 1837, ta ɗauki littafin da ya rubuta na nasiha a kan salihan mata, wanda shi kuma ya tsamo daga na Ibnul Jauzi na Bagadaza, ta mai da shi waƙa da Fulatanci da Hausa. Ta Hausar ita a ke kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta fara da matan Annabi da 'ya'yansa, ta bi ta kan su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nafisa ta Masar, sa'an nan ta gangaro gida, ta kawo matan Shehu, da waɗansu malamai mata na jama'a, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu da Habiba.

In an aza waƙoƙin nan biyu gefe da gefe, ta Villon ta fi daɗin kunne da sosa zuciya, ba a ja. Gajera ce, amshinta yana dukan mutum sau huɗu a wuri guda, kowane bugu ya fi na baya zafi. Ta Asma'u doguwa ce, tafiyarta ɗaya, wani wuri ma sai ta zama kamar lissafi, suna da hali, suna da hali, domin don hadda aka yi ta, ba don nishaɗi ba. Amma a dubi abin da kowannensu ya riƙe na matan. Villon, yawancin nasa, kyau ya tuna da su da shi, ko muryar zaƙi, ko abin da ya sami wani namiji saboda su, tun da kyau kuwa ba ya zama, dole waƙar ta ƙare da tambayar da ba ta da amsa. Asma'u aiki ta riƙe. Wannan mahaddaciya ce, waccan mai kyauta, wannan tana sulhunta mutane, waccan tana koyar da mata, wata kuma mai tsayuwar dare. Ba ta tambayi ina su ke ba, domin a wurinta ba su ɓace ba, kamun ƙafa ma ta ke yi da su. Abin da ya fi ƙarfi a cikin waƙar shi ne jerin kansa: ta sa malamar ƙauye wadda maƙwabta suka sani a layi guda da Rabi'a, don macen da ke haddacewa a tsakar gida tana kaɗi ta gane hanyar ba ta toshe ba.

To, wannan shi ne abin da waƙar Hausa za ta ba mai zane, aiki da hali, ba fuska ba. Ko kusa ba ƙaramin abu ba ne, gama aiki yana zanuwa. Allo yana zanuwa, da tawada, da gafaka, da mazari, da yadda malama ke zama in tana biya wa wata karatu. Tufafi ma ba sai an yi ƙage ba. Clapperton, wanda ya ratsa Zamfara zuwa Sakkwato a 1824, ya rubuta yadda matan Kano ke shafa shuni a gashi, su ƙunsa lalle hannu da ƙafa, su rina haƙora da fure. Barth, wanda ya sauka Kano a 1851 ya bi ta Zamfara a 1853, ya ba da labarin turkuɗi, baƙin zanen mata mai ƙyalli wanda fatake ke kaiwa har Tambutu. Ga saƙi, ga murjani da tsakiya, ga mundaye da jigida, ga kitson doka, ga tsagen gado wanda ke bambanta Bazamfara da Bagobira da Baburma tun daga nesa. Masu zanen yanzu sun fi sakaci a kan wannan na ƙarshe. Su kan ba matar ƙarni na 14 fuska sumul kamar ta 'yar fim, su ɗaura mata atamfa ko leshi, kayan da ba su zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba sai a zamanin Turawa, su kuma haskaka fatarta fiye da ta jikokinta. Tun wajen 2022 da na'urori masu ƙirƙirar hoto suka shigo hannun kowa abin ya ƙara yawa, domin na'urar ba ta san turkuɗi ba, abin da ta fi gani shi ta ke amayarwa, sai a wayi gari an ga wata Balarabiya ko Ba'indiya an rubuta Nana Asma'u a ƙarƙashinta.

Akwai kuma maganar da ba a tsallake ta. Malamai da yawa ba su yarda da zana surar mai rai ba, shi ya sa gwanintar Hausawa ta tafi wajen zayyanar Alƙur'ani da aikin riga da adon soro da sassaƙar ƙwarya. Ga 'yar Shehu kuwa, wadda ta yi zamanta cikin lulluɓi har ta rasu a 1864, ƙaga mata fuska ya fi kusa da rashin ladabi bisa ga girmamawa. Mai zane mai hankali yana da mafita a nan wadda za ta ƙara wa aikinsa ƙarfi. Ya iya juya ta baya, ko ya bar mayafi ya yi aikinsa, ya sa hasken a kan hannu da takarda. Ta haka ya bi hanyar da ita kanta ta bi da matan da ta waƙe.

In ana neman ado irin wanda ido ke so, shi ma yana nan cikin tarihinta. Asma'u ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, ta naɗa wa kowane rukuni shugaba, dattijuwa, ana ce da ita jaji. Alamar naɗin malfa ce, irin wadda Innar Gobir uwar bori ke sawa, Asma'u ta ɗauko ta ta sake mata ma'ana, ta kewaye ta da jan ƙyalle. Jaji ita ke jan mata daga ƙauyuka zuwa wurin Asma'u, 'yammatan da ba su isa aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa, gama matan aure suna gida. Su kan taho a ƙasa da 'yar sadakarsu ta hatsi da zuma da zare, su karɓi waƙa su haddace, su koma su biya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Ayari ne na mata zalla a kan turba, tsohuwa a gaba da malfa da jan naɗi, yara a baya da ƙwarya a ka, babu doki, babu takobi. Kowane abu da ke cikin wannan sura yana da shaida a rubuce, in banda fuskokin, su kuwa mai zane ya iya samun irinsu ran kasuwa a Talata Mafara, wurin tsofaffin da ke sai da daddawa da kuka, waɗanda har yanzu tsagen gidajensu ke bisa kumatunsu.